Sikon a kasko da safen Sallah, zai yiwu ko in haƙura in sayo burodi?

Amaryar Bana:
Assalamu alaikum iyaye da yayye, barkanmu da shan ruwa. Dan Allah shawara nake nema ta gaggawa. Wannan ce Sallata ta farko a ɗakina, kuma yayan maigidan ya zo daga Ingila da matarsa da yaransu uku, shi kuma ogan bai shawarce ni ba ya je ya ce musu a gidanmu za su karya kafin a wuce Idi, ga Hajiyarsu ma za ta zo da ƙannensa biyu, in an haɗa da mu mutum goma kenan. Yaran ba sa cin waina, an taɓa ba su babban ya ce wai ta yi tsami. Uwarsu ce ta ce min abin da suka saba sha da shayi shi ne sikon, wannan da yake tsakanin burodi da kek. Matsalar ba ni da obin, gas ɗina ƙaramin nan ne mai kai ɗaya, wuta kuma yau kwana huɗu rabonmu da ita firij ya zama kabad. Lokacin da nake da shi daga sallar asuba zuwa bakwai da rabi, kuma dubu goma ce ta rage a hannuna. Wadda ta taɓa yi a kasko da hannunta nake son ji dan Allah, yana nuna har ciki? Ko in rufa wa kaina asiri in soya ƙwai da burodi?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam amarya. Abu mai sauƙi ai, ki kunna obin ya yi zafi sosai a digiri 200, ki shafa musu ruwan ƙwai a sama, minti sha biyar sun yi. Ni duk sati nake yi.

Zee Kaduna:
Maman Ilham ta ce ba ta da obin fa 😂 ko naki za ki aika mata a adaidaita?

Hajiya Babba:
'Yata ki jiƙa shinkafarki ki yi wainarki da miyar taushe. Yaron da ya wuni yana yawon Sallah ko tuwon dawa aka ba shi zai ci. Su da suka zo ƙasar ubansu ai abincin ƙasar ubansu za su koya, ke ce za ki koma Baturiya saboda su?

Anti Rabi Gilasgo:
Amarya kwantar da hankalinki, yana yiwuwa, asalinsa ma a kasko ake yi. Nan Sikotland kafin obin ya wadata a gidaje a kan faffaɗan ƙarfe suke gasa shi, su yi shi da faɗi kamar gurasa sai su yanka gida huɗu, har yau tsofaffinsu na yi. Ga yadda nake nawa. Fulawa kofi 2, wajen giram 250 kenan, bekin fauda ƙaramin cokali 3, suga babban cokali 2, gishiri ɗan kaɗan, bota giram 50, madarar ruwa kamar rabin kofi da ɗan ɗori. Ki murje botar cikin fulawar da kan yatsunki har ta koma kamar garin kwaki, sai ki zuba madara ki tattara kawai, kar ki kuskura ki buga shi kamar kwaɓin cincin, bugun ne ke sa ya yi tauri. Ki baje da tafin hannu kaurin ɗan yatsa, ki yanka gida takwas. Kasko ba mai, wuta can ƙasa, ki rufe da murfi, minti biyar zuwa shida kowane gefe. In kina son sanin zafin kaskon ki barbaɗa 'yar fulawa, in ta yi ja nan take to ya yi yawa ki rage. In kin sauke ki nannaɗe su a tsumma mai tsafta su yi laushi.

Ummu Haidar:
Hmm. Amarya ni dai ina ganin tambayar nan gabana ya faɗi wallahi, don abin da ya same ni kenan sak. Sallar 2019, ina da wata bakwai a gidan, ga uwargida ta shekara goma sha ɗaya tana musu waina, ni kuma na ce bari in nuna ni 'yar boko ce in yi abin da ba su taɓa gani ba. Na kalli bidiyo ya fi sau goma, na sayi komai, bekin faudar a shagon unguwa na saya irin wadda ake ƙullawa a leda, ashe ta daɗe da mutuwa ban sani ba. Na tashi tun ƙarfe huɗu na yi ta fama, wajen ya yi ja gwanin kyau sai dai ko kaɗan bai tashi ba, kuma ban ɗanɗana ba saboda sauri, wannan shi ne kuskuren da har in mutu ba zan manta ba. Aka jera a falo gaban uwar miji da ƙannen miji mata huɗu da matan yayyensa. Tsohuwar ta ɗauki ɗaya ta kai baki ta kasa gutsura, ta ƙwanƙwasa shi a jikin tire ya yi ƙara, sai ta ce a ajiye mata guda bakwai in Allah Ya kira ta Makka ta samu na jifan shaiɗan. Falon nan ya kwashe da dariya. Ba dariyarsu ce ta ƙona ni ba, wanda ya fara tuntsirewa har da riƙe ciki shi ne mijin da na yi abin domin in fita kunyarsa. Uwargida ba ta ce komai ba, ta tashi sumui-sumui ta shigo da kular waina, ashe ta riga ta yi ta ajiye tana jira. Daga ranar sunana a dangin ya koma Mai Tsakuwa, har a wayar ƙanwarsa haka aka sa min. Bara a wajen wani biki wata ta nuna 'yata ta ce wannan ce 'yar Mai Tsakuwa, yarinyar da ko cikinta ba ni da shi lokacin.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Allah Ya ba ki ladan haƙuri 'yar uwa, dangin miji sai addu'a.

Zee Kaduna:
Ki yafe min Ummu Haidar na tausaya miki amma jifan shaiɗan ɗin nan ya kashe ni, ina azumi kin sa na ƙware da miyau 😭

Ummu Haidar:
Yi dariyarki Zee, ni ma yanzu nakan yi. Amma shi ban yafe ba, ko daren ranar da na yi masa magana cewa ya yi ai wasa ne, ke ba ki san wasa ba.

Chef Meenah:
Ummu Haidar matsalarki ba kasko ba ne, bekin fauda ce. Kafin ki yi amfani da ita ki zuba ƙaramin cokali a ruwan zafi, in ta yi kumfa tana shuuu tana da rai, in ta kwanta shiru ki zubar. Amma Anti Rabi da girmanki akwai gyara a lissafinki. Kwaɓinki guda takwas yake bayarwa, ita mutum goma za ta ciyar, dole ta ninka ya zama sha shida a ƙalla. Kasko na ɗaukar huɗu, zubi huɗu kenan, kowane zubi minti sha biyu, kusan minti hamsin a kan wuta ɗaya tal, to ina za ta dafa ruwan shayi, ina ƙwai? Ni shawarata ta zuba yashi a ƙasan babbar tukunya ta ɗora faranti ta gasa su da yawa lokaci guda, haka muka koya a makarantar girki.

Anti Rabi Gilasgo:
Yashin nan kafin ya ɗau zafi ya cinye mata minti ashirin da rabin gas ɗinta. Ruwan shayi kuma tun dare za ta dafa ta ɗure a filas. Shekarata goma sha huɗu a ƙasar masu abin, ba a allo na koya ba.

Chef Meenah:
Anti ke da botarki ke fitowa daga firij kamar dutse. Ita tana garin da bota ke narkewa tun a hannun mai shago, in ta murza a wannan zafin mai za ta samu a hannu ba garin kwaki ba. Zaman Turai daban, girki a zafin nan daban, oda nake yi wa mutane ba labari ba.

Hajiya Babba:
Ku yi ta musu, mai takarda da mai fasfo. Ni shekara talatin da ɗoriya ina tashi kan tanda ranar Sallah ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa wainata a tire.

Ummu Haidar:
Hajiya har da ke? 😩

Fati Maraɗi:
Ni na yi a kasko kuma ya yi kyau, amma da kindirmo na kwaɓa maimakon madara, na ƙara rabin ƙaramin cokali na soda ta girki, tsamin nonon da sodar ne ke tashinsa ya yi taushi sosai. Botar kuma na sa ta a leda na jefa cikin randa tun dare, ko ki sayi ƙanƙara ki ɗora a kai. Ki haɗa busassun kayan tun dare amma kar ki zuba ruwa sai za ki gasa, in ya kwana a jiƙe ƙarfinsa ya tafi.

Maman Sadiq:
Fati in babu sodar za a iya sa kanwa?

Fati Maraɗi:
A'a dan Allah, ba ɗanwake ba ne.

Amaryar Bana:
Na gode ƙwarai iyayena. Kaskon nawa irin marar kaurin nan ne na suyar ƙwai, zai yi ko zai ƙone? Kuma dubu goman za ta isa?

Maman Ilham:
Za ta isa har ki yi canji, fulawa 1,800 na sayi mudu shekaranjiya.

Maman Sadiq:
A ina?? Ni 3,600 na saya a Singa kuma wai sari kenan.

Zee Kaduna:
Ke kwano kika saya ita mudu take faɗa, ba ɗaya ba ne. Mu nan 2,200 ne kuma mudun ma an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Fati ku kuma kar ki kawo mana lissafin tiya da sefa kan mu ya kwance.

Chef Meenah:
Kofi huɗu kawai take buƙata, rabin kilo, fulawar ba ita ce tsadar ba. Bota da madara da jam su ne za su cinye kuɗin, ga ƙwai 250 guda.

Maman Ilham:
200 dai.

Maman Sadiq:
300 a layinmu kuma ƙanana kamar na zabo. Gas ma fa ku sa a lissafi, kilo uku na sa ranar Laraba kafin Lahadi ya ƙare, ban san ko iska suke ɗura mana ba.

Maman Ilham:
Salamu alaikum, Baban Ilham ne na ari wayar. Na karanta tun daga sama, ni a ganina wannan sikon gurasa ce da ta samu biza. A ba mu ita da ƙuli da yaji mu huta. Kuma maganar duk sati ana yi a gidan nan ni dai ban taɓa gani ba.

Zee Kaduna:
Maman Ilham asiri ya tonu 😂😂 Baban Ilham Allah Ya kai ka gida lafiya yau.

Malama Ummi:
Ina tunatar da mu, sunnar ƙaramar Sallah ita ce a ci wani abu kafin a fita Idi, kuma Annabi (SAW) dabino yake ci wutiri, yana nan a Bukhari. Amarya ki ba su dabino da shayi su tafi, in sun sauko sai a ci sikon a natse, kin ga kin samu ƙarin awa biyu.

Ummu Haidar:
In sun sauko ai mutum goman sun zama ashirin Malama, kowa zai jawo abokinsa. Ni ranar nan har da wasu maƙwabta a falon, su suka kai labarin unguwa. Kuma abin haushin na zuba sauran a sabuwar kulata ta kayan ɗaki na aika gidan yayarsa tun kafin a ɗanɗana, har yau kular ba ta dawo ba.

Maman Sadiq:
Kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Kula uku na rasa Sallar bara, ɗaya cikin saitin da mahaifiyata ta saya min ce. Sai da na je barkar haihuwa gidan wata maƙwabciyata na ga an kawo mata kunun kanwa a ciki, na ce wannan kamar tawa, ta ce ai kamfani ba guda ɗaya ya buga ba.

Hajiya Babba:
Mu a da jan farce muke sawa mu rubuta suna a gindin kwano, kuma ba a mayar da kwano haka nan, ko ƙwai biyu ko ɗan goro sai an saka a ciki. Yaran yanzu kwanon ma gaba ɗaya suke riƙewa.

Chef Meenah:
Shi ya sa na koma robar tekawe, wanda ya ji haushi ya ji.

Zee Kaduna:
Ki aika wa uwar miji abinci a robar tekawe? Ke ma suna kike nema a dangi kenan.

Anti Rabi Gilasgo:
Amarya kaskon marar kauri zai ƙona wajen ciki bai nuna ba, ki ari na ƙarfe mai nauyi a maƙwabta ki gwada rabin kwaɓi yau bayan shan ruwa.

Maman Sadiq:
Ta ara a maƙwabta, to Allah Ya sa ba a layinmu take ba, ni na daina bayarwa. Fati ku can ma haka ake cinye muku kuloli?

Fati Maraɗi:
Mu murfin suke riƙewa su maido miki da gindin, har gara a ɗauke duka. Biyar gare ni a saman kabad ba murfi.