Wardin da ke langaɓewa: abin da aka fi faɗa

Na tattaro shawarwarin da aka bayar kan wardi mai rassa da ke kwanciya ƙasa.

1. Kusan kowa ya ɗora laifin kan inuwa da yawan taki mai naitirojin (sinadarin da ke sa shuka yawan ganye). Wardi na son rana aƙalla awa 6 a yini, in ba haka ba sai ya yi zaƙo-zaƙo ba ƙwari.

2. Matashin shuka a yi masa haƙuri, shekara 2 zuwa 3 kafin rassansa su yi tauri.

3. Tokara: sanda uku a kewaye, a zagaye da igiya mai laushi, ko zoben ƙarfe. A kafa tun kafin fure ya buɗe, domin fure mai kauri in ya sha ruwan sama nauyi yake yi. Kada a ɗaure tamau.

4. A kan aski, wato datse rassa, aka rabu. Wasu na rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, wasu sun ce yankan na ƙara fito da sabbin rassa masu taushi. Mai fure sau ɗaya a shekara dai, sai ya gama ake yi masa.

5. Kaɗan ne suka ambaci lanƙwasa dogon reshe a kafe kansa a ƙasa, ya yi fure tsawonsa duka. Ni wannan na fi so, amma sai mai fili.