Wane suna za mu ba "heel and toe" da Hausa?

Direba, Aboabo: Salamu alaikum. Ana neman sunan dabarar nan ta masu tseren mota: kafin kwana, ƙafar dama tana kan birki, ta hagu ta taka kuloci, a sauko giya, ƙafar daman nan dai ta taɓa totur kafin a saki kulocin. Na ce "dunduniya da yatsa". Masta, ya ka gani?

Fita (makaniki), Suame Magazin: Wa alaikumus salam Alhaji. Sunan zai ɓatar da mai koyo. A yawancin motoci birki da totur suna kusa, tushen babban yatsa ne ke danne birki, gefen ƙafa ya mirgina kan totur. Dunduniya sai inda tazara ta yi yawa. A sa wa abin suna daga aikinsa. Misali a giya ta uku inji na juyi 1.3 kafin sandar da ke fita daga akwatin giya ta juya sau ɗaya, a ta biyu kuma 1.95. Inji na juyi 3,000 a minti a ta uku, to a gudun nan ta biyu na neman 4,500. In ba ka cike 1,500 ɗin da totur ba, kuloci ne zai ja injin sama da ƙarfi: mota ta yi fizga, farantin kuloci ya ci wuta, mai jan baya kuma tayoyinta su iya cijewa, gindi ya juya a bakin kwana.

Malamin Hausa, Asawase: To ashe abu biyu ne. Manufar ita ce "daidaita juyi". Taɓin totur ɗin kuma tsikari ne, tunda ba dannewa ake yi ba.

Fita, Suame Magazin: Tsikari ya zauna, Malam, ƙasa da daƙiƙa ɗaya ne. Inda ake kuskure, ƙafa na tsikarar totur sai birki ya sassauta. Nauyinsa kada ya canza. Kuma birki ake fara takawa, gudu ya ragu tukuna. Wanda ya sauko giya da wuri, taya ce za ta juya injin ya wuce jan layi, wato iyakar juyin da zai iya ɗauka, na'urar yanke mai ba ta hana wannan, bawul ya daki fistin.

Direba, Aboabo: Motar da ke yi da kanta fa, kamar Nissan 370Z ta 2009?

Malamin Hausa, Asawase: Ita "mai daidaita juyi" ce. Na ƙafa kuwa mu tsaya a kan "birki da tsikari".

Direba, Aboabo: Na janye dunduniyata.