Surukata na kwance, aikin ikilisiya na jirana, wanne zan ajiye?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Kaina ya ɗaure, ku taimaka mini da shawara. Ni ce sakatariyar Zumuntar Mata a ikilisiyarmu a nan Kaduna, ina cikin mawaƙa, ina kuma koyar da yara a makarantar Lahadi. Talata Zumunta, Laraba addu'a, Alhamis da Asabar koyon waƙa, ranar Lahadi kuwa sai yamma nake ganin gida.

Wata huɗu ke nan da surukata ta samu shanyewar ɓarin jiki, muka ɗauko ta daga ƙauye. Sai an ɗaga ta, an yi mata wanka, an ba ta abinci a baki. Duk ranar da na fita, maƙwabciyata ce take zama da ita. Musulma ce, mijinta ya rasu bara, kuma ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Shekaranjiya na dawo daga waƙa na tarar ta wanke wa Mama zannuwa ta shanya. Kunya ta hana ni barci.

Maigida ya ce in ajiye komai. Da na taɓa zancen a Zumunta, wata ta tuna mini Luka 9:62, wai wanda ya kama garma ba ya waiwaye. In na ajiye, na ja da baya ke nan?

Wani dattijon ikilisiya daga Zariya:
'Yata, buɗe Markus 7, ki karanta daga aya 9 zuwa 13. A can akwai masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah, suna kiransa Korban, sai su wanke hannu daga tsofaffinsu. Yesu bai yaba musu ba, cewa ya yi sun soke maganar Allah da al'adarsu. Su dukiya suka keɓe, mu yau lokaci muke keɓewa, amma abin ɗaya ne. Ki haɗa da 1 Timoti 5, inda Bulus ya ce 'ya'ya da jikoki su fara nuna ibadarsu a gida, kada a ɗora wa ikilisiya nauyin gwauruwar da take da masu kula da ita. Ita wadda ta kawo miki ayar garma, ki tambaye ta cikin ladabi wa ya ce gonar Ubangiji ta tsaya a bakin ƙofar majami'a. Ruwan wankan da kike ɗora wa tsohuwar nan da asuba, shi ma garma ne.

Wata uwa daga Jos:
Ɗiyata, shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabancin Zumunta, don haka bari in faɗa miki gaskiya: littafin rahoto ba ya rasa mai riƙewa. Muna ganin kamar in ba mu ba rufin zai faɗo, ba ya faɗowa. Ko Musa sai da surukinsa Yetro ya ce masa zai gajiyar da kansa da jama'a in bai raba aikin ba, yana nan a Fitowa 18. Ki ajiye sakatariya da waƙa, ki riƙe yaran Lahadi in kina iyawa, tunda sau ɗaya ne a mako.

Amma kada ki sulale shiru. Ki je wurin shugabarku da Fasto ki faɗa musu abin da ke gidanki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata huɗu, mata cike da majami'a, kowa da zanen Zumunta, a ce ba a tsara masu zuwa su karɓe ki ko sau biyu a mako ba. Ziyarar marasa lafiya ai aikinmu ne tun fil azal. Ko dai ke ce ba ki buɗe baki ba?

Wani ɗan'uwa daga Gombe:
Ku yi haƙuri, ni tambayata ga maigida take. Uwar wa ce? Ya ce ki ajiye komai, shi me ya ajiye? Umarnin girmama uwa da uba bai ce na matan 'ya'ya ba ne kaɗai. Ya karɓi juya ta da dare, ya zauna da ita ran Lahadi ɗaya ke ki je sujada.

Wata 'yar'uwa daga Bauchi:
Anti, kowa ya yi maganar gida da coci, an bar maƙwabciya. A Luka 10 wanda ya tsaya wa mai rauni ba firist ba ne, Basamariye ne, mutumin da ba a sa rai. Ga naku har cikin ɗaki. Kuɗi ba za ta karɓa ba, kada ma ki sake gwadawa, za ta ji kin mayar da ita 'yar aiki. Ki duba abin da ke damunta tun rasuwar mijinta. Yaranta na zuwa makaranta? Wa ke biya?

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Mama ta Jos, kin kama ni, ban taɓa roƙon kowa ba, ina jin nauyi. Gobe zan kai littafin wurin shugaba. Maganar yaran maƙwabciya kuma, ƙaramin ya kwana biyu ina ganinsa a gida da safe, ban tambayi dalili ba. Yau da yamma zan shiga wurinta.