Wane irin difarenshiyal zan sa wa a-kori-kurata don ta daina kafewa?

Mai_Akorikura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma difarenshiyal ɗinta, wato giyar da ke raba wa tayoyin ƙarfin inji, na gama-gari ne. Yawancin tafiyata kan kwalta ce, sai ɗan guntun hanyar shiga gona mai taɓo. Da zarar taya ɗaya ta hau santsi sai ta yi ta wulwulawa, ɗayar kuwa tana tsaye kan busasshiyar ƙasa kamar ba da ita ake ba. In babu kaya a baya abin ya fi muni. An ambata mini Truetrac, Detroit Locker da ARB. Ba hawan duwatsu nake ba, so nake in shiga in fita. Wanne ya dace?

Oga_Makanike:
Wa alaikumus salam. Motarka lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Na gama-garin yana raba ƙarfi daidai wa daida, don haka abin da tayar da ke kan santsi ta iya riƙewa, shi kaɗai ɗayar za ta samu.

Ni dai Truetrac na kamfanin Eaton zan ce maka. Haƙoran giya ne masu murɗe a cikinsa, babu faifan kulocin da zai cinye, ba ya buƙatar sinadarin da ake ƙara wa man giyar masu kuloci, kuma a kwalta ba za ka ma san yana nan ba. Tayar da ta kama ƙasa yana ba ta kamar ninki uku na abin da mai santsin ke riƙewa. To amma ka lura, ninki ne. In taya ɗaya ta ɗage sama gaba ɗaya, uku sau sifiri sifiri ne. A nan sai ka ɗan ja birkin hannu kaɗan kana ba ta wuta a hankali, ya samu abin da zai ninka.

Detroit Locker kuwa ka bar wa masu shiga daji. Yana kulle tayoyin biyu su riƙa juyawa tare, amma a kwana yana ƙwanƙwasa, yana fizgar bayan mota, balle fanko a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Dogon_Direba:
Oga, a gafarce ni, ban yarda duka ba. In hanyar tana da kwazazzabai har taya na rataya, gara wanda kake kullewa da kanka. ARB da iska yake aiki, sai an haɗa kwamfureso da bututu. ELocker da lantarki, maɓalli kawai. Kana fita taɓo ka kashe, ya koma na gama-gari. Kada dai a manta shi a kunne a kan kwalta, mota za ta ƙi shan kwana, sandar aksul da ke juya taya ta sha wuya.

Mai_Akorikura:
Na gode. Kwazazzabo babu, taɓo ne shimfiɗe. Da alama Truetrac ne. Kowanne zai shiga?

Oga_Makanike:
A'a fa Malam! Ka fara sanin aksul ɗinka: girman babbar giyar zobe, ko inci 8 ce ko 8.8, da adadin haƙoran bakin sandar aksul, don akwai masu 28, 30 ko 31. Wanda zai ɗaura kuma lallai ya auna tazarar haƙoran giyar zoben da agogon awo, in ba haka ba kuka za ta riƙa yi har giyar ta lalace. Sannan tayoyinka fa? In sun suɗe, su za ka fara canzawa kafin ka kwance aksul.