Hokin ƙanƙara: yara su buga a cikakken fili ko a ƙaramin yanki?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Kanada da Amurka. A ajin 'yan ƙasa da shekara 9 ana raba filin ƙanƙara, yara na bugawa daga gefe zuwa gefe ko a rabin fili. Iyaye da yawa na ƙorafin cewa cikakken kuɗi suke biya amma guntun fili ake ba 'ya'yansu, kuma wai yaro ba zai iya gudu ba, ba zai san satar gida ba. Don Allah masana, tsarin ya fi ne da gaske, ko dabarar cusa yara da yawa a awa ɗaya ce kawai?

Malam Bashir:
Wa'alaikumus salam Baban Ilham. Fara da awo. Filin da ake amfani da shi a Arewacin Amurka ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, wato wajen mita 61 da 26. Na manya ne. Ka saki ɗan shekara 7 a ciki, abin da za ka gani shi ne yaro ɗaya da ya fi sauri ya kwashi faifan, wato ɗan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya miƙe, sauran tara na binsa a baya kamar 'yan rakiya. Wani zai gama zagayensa bai taɓa faifan da sanda ko sau ɗaya ba.

Idan aka matse fili, gudu a miƙe ba ya ceton kowa. Taku huɗu ko biyar yaro ya iske bango ko abokin hamayya, dole ya ja burki, ya yi kwana a gefen ƙarfen takalminsa, ya ɗaga kai ya nemi wanda zai miƙa wa. Waɗannan su ne ginshiƙin wasan, kuma ko a NHL, babbar gasar ƙwararru ta Arewacin Amurka, yawancin fafatawa a lungu da gaban raga ake yin ta. Binciken da USA Hockey, hukumar wasan a Amurka, ta yi da na'urorin bin diddigi ya nuna yara na taɓa faifai kusan ninki biyu a ƙaramin fili, harbin raga kuma wajen ninki shida. Dama ta sa tsarin cikin shirinta na renon 'yan wasa tun 2009, Hockey Canada, takwararta ta Kanada, kuma ta wajabta shi ga 'yan shekara 5 da 6 daga kakar 2017-18, sannan rabin fili ga 'yan 7 da 8 daga 2019-20.

Maman Khalil:
Gaskiya ne Malam, amma sai an tsara shi daidai. Ana shimfiɗa shingen soso a kan shuɗayen layuka biyu da suka raba filin gida uku, a samu yanki biyu na wasa, kowanne ƙafa 75 da 85, tsakiya kuma a bar shi don atisaye. Uku-uku ko huɗu-huɗu ake bugawa. Ƙanana suna amfani da shuɗin faifai mai nauyin kusan giram 113 maimakon baƙin mai kusan 170, domin wuyan hannunsu bai yi ƙwarin ɗaga mai nauyi ba. Ƙararrawa na kaɗawa duk minti ɗaya zuwa biyu, a canza 'yan wasa, wasa bai tsaya ba. An ci ƙwallo, waɗanda suka ci su ja baya, a ci gaba.

Inda ake ɓata shi kuwa: a zuba biyar-biyar a wannan ɗan yanki, sai ya koma cincirindo, kowa na saran sandar kowa. Ko a haɗa wanda ya shekara uku a kan ƙanƙara da wanda ya fara jiya. Ƙwararren zai riƙe faifan, an koma gidan jiya. A raba su bisa iyawa. Sai raga: ta manya ƙafa 6 ce da 4, ɗan gola mai shekara 7 ba zai rufe samanta ba, sai ya saba da tsayuwa ƙiƙam yana tsoron durƙusawa. A nemo ƙaramar raga in akwai.

Koci Auwal:
Ina tare da ku, sai dai ƙorafin iyayen ba duka ne banza ba. Ƙaramin fili ba ya ba yaro damar buɗe dogon taku, don haka dole a ware minti 10 zuwa 15 na kowane atisaye ana gudu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, gwiwa a lanƙwashe, ana tura ƙafa gefe har ta miƙe. Kocin da ya bar wannan, yaransa za su fito da gajeren taku mai wuyar gyarawa.

Satar gida kuwa kada ta dame ka, Baban Ilham. Doka ɗaya ce: faifai ya riga ka tsallake shuɗin layi. Ɗan shekara 9 yana kama ta cikin 'yan makonni. A watannin ƙarshe na ajin, a riƙa tsayar da yara uku a layin tsakiya, mai faifai a tsakiya, biyu a gefe su rage gudu har sai ya shigar da shi, a maimaita sau goma. Daga nan a ƙara canjin 'yan wasa ba tare da ƙararrawa ba, don shi ne ya fi rikita su a wasanninsu na farko a cikakken fili.