RAID ko haddis ɗaya? Muhawarar masu ɗaukar biki a guruf

Nura Ɓaɓura: Slm jama'a barkanku da yamma. Don Allah shawara nake nema. Haddis ɗin kwamfutar shago ya cika fam da bukukuwan bara da na bana, zan shiga Kano in ƙaro. Wani a Beirut Road yace min kar in sayi guda ɗaya, in sayi biyu a haɗa min RAID, wai duk wanda yake da RAID ya rabu da asarar aiki har abada. Gaskiya ne?

Habu Gumel: Wslm. Gaskiya ya faɗa maka Nura, ni shi nake amfani dashi. RAID 1 ake ce masa, haddis biyu ne amma kwamfuta tana ganinsu kamar ɗaya, duk abinda ka ajiye sai ya rubutu a duka biyun lokaci guda, ranar da ɗaya ya mutu ɗayan yana nan da komai ko hoto ɗaya bazai ɓata ba, ka ciro mataccen ka saka sabo aiki yaci gaba. Haddis abu ne mai juyawa a ciki sau 5400 ko 7200 a minti, dole wata rana ya tsaya, to me zai sa ka ɗora bikin mutane akan guda ɗaya tal

Malam Sale Ringim: Habu bayaninka daidai ne, inda ban yarda ba shine wannan har abada ɗin. Kai da bakinka kace duk abinda aka yi yana faruwa a duka biyun lokaci guda. To haka ma gogewa. Yaron shago ya goge foldar bikin wani bisa kuskure, ta tafi a duka biyun a daƙiƙar. Bairos ɗin nan mai kulle fayil ya nemi kuɗi ya shigo ta fulash, zai kulle duka biyun. Abu ɗaya RAID 1 yake tare maka, mutuwar faifai guda, wato haddis ɗaya. Sauran hanyoyin asara duk a buɗe suke.

Habu Gumel: Malam ai mutuwar faifan ita ce babbar matsalar, sau nawa kaji ance haddis ya fara ƙas ƙas daga nan shikenan

Malam Sale Ringim: Naji sau da yawa. Amma ka tambayi mutanen guruf ɗin nan me ya cinye musu aiki, ka saurara.

Binta Kazaure: Ni dai wuta ce. An dawo da ita da ƙarfi cikin dare kwamfutar tana jone, da safe ba kwamfuta ba haddis, furojet ɗin ɗalibai da nake bugawa duk suna ciki wlh saida na dinga bin yara ina roƙon wanda yake da kwafi a wayarsa ya turo. Da haddis biyu ne a cikin akwatin nan da biyun zasu tafi tare tunda waya ɗaya ke basu wuta

Alhaji Ado Mai Hoto: Sannu Binta, Allah Ya kiyaye gaba. Ku yara ku tuna ruwan 2022, yadda ya shiga garuruwan Ringim da Auyo da Haɗeja. Wanda ruwa ya shigar masa shago ba a tambayarsa faifai nawa ne a akwati. Rumbu biyu a gida ɗaya in gobara ta tashi duka take ci, shi ya sa mai hankali yake kai wani hatsin gidan ɗan'uwansa. Ɓarawo ma in ya fasa shago akwatin gaba ɗaya zai saɓa.

Habu Gumel: Baba Alhaji ranka ya daɗe na yarda da batun ruwa da sata, amma fa ku duba ɓangarena. Lokacin biki bayan an gama girbi sai in samu aiki a jere Juma'a Asabar Lahadi, ga amarya ta tare dangi suna jiran bidiyo, idan haddis ya mutu ranar Asabar ina tsakar editin ba ni da sukunin zuwa Kano in dawo in zauna kwafe-kwafe, da RAID ko tsayawa bana yi. Kuma kwafi da hannu mantuwa ake, mutum ya dawo daga wajen kamu ƙarfe ɗayan dare a gajiye waye zai tuna ya jona wani haddis

Malam Sale Ringim: Yawwa, yanzu ka faɗi ainihin amfaninsa, aiki kar ya tsaya. Dama don haka manyan wurare suke sonsa. Masu bincike uku ne a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Patterson da Gibson da Katz, suka fito da tsarin a rubuce a 1988, manufarsu a haɗa ƙananan faifai masu araha su yi aikin babba mai tsada, sai a ƙara kariya tunda in faifai sun yi yawa dole ɗaya ya riƙa mutuwa. Banki ko asibiti da bazai iya rufewa na awa ɗaya ba yana buƙatarsa, kuma su ma suna ajiye kwafi daban a wani wuri, basa dogara dashi kaɗai. Kai Habu aikinka ya kai, ka riƙe. Nura fa kuɗin haddis biyu kawai gareshi, tambayar ita ce ina zai saka na biyun, cikin akwati ɗaya da na farko ko a gida.

Nura Ɓaɓura: Malam wai kuma mutumin yace in na haɗa haddis biyu masu ɗaukar tera 4 kowanne zan samu tera 8 kuma zai fi sauri, shine abin ya ƙara jan hankalina

Malam Sale Ringim: A'a Nura tsaya, nan an haɗa maka abu biyu daban. Mai bada tera 8 da sauri RAID 0 ne, shi yana yanka kowane fayil ne ya raba tsakanin faifan biyu, babu kwafi ko kaɗan, ɗaya ya mutu komai ya tafi har abinda ke kan mai lafiyan domin gutsattsari ne kawai. Ya fi haddis ɗaya haɗari. Mai kariya RAID 1 ne, shi kuma tera 4 biyu tera 4 zai baka. Bazaka samu duka biyun da faifai biyu ba. Akwai RAID 5, aƙalla faifai uku yake so, tera 4 uku su baka tera 8 kuma ya jure mutuwar ɗaya, amma wannan ya wuce aljihunka yanzu.

Nura Ɓaɓura: Kai, gara da na tambaya

Binta Kazaure: Yaya Habu wata tambaya, in ɗayan ya mutu ka saka sabo nan take yake cika?

Habu Gumel: A'a sai ya kwafe komai daga tsohon, yana ɗaukar lokaci

Malam Sale Ringim: Ga lissafin. Tera 4 a gudun mega 150 a daƙiƙa ya haura awa 7, in ana aiki akan kwamfutar ya fi haka. Awa 7 ana son wuta tsayayya. A ƙauyukanmu wa yake da ita in ba mai sola da batir mai kyau ba? Kuma duk tsawon lokacin faifai ɗaya ne ke ɗauke da komai yana ta karatu ba hutu, gashi galibi rana ɗaya aka sayesu, zafi ɗaya suka sha, ƙurar hunturu ɗaya suka sha, ba abin mamaki bane na biyun ya biyo ɗan'uwansa.

Habu Gumel: Shi yasa na saka UPS, batirin nan mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kuma ina da sola. Ni dai bazan cire nawa ba Malam

Malam Sale Ringim: Ban ce ka cire ba ƙanena, cewa nake ka ƙara na uku wanda baya kwana a shago. Masu harkar suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1, kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. RAID 1 duk da faifai biyu ne a lissafin nan kusan kwafi ɗaya ake ɗaukarsa.

Sadiq Ɗambatta: Ni ban gane wahalar da kuke sha ba, ku ɗora a Google Drive mana ku huta

Binta Kazaure: Sadiq giga 15 ne fa kyauta, ni takardu nake bugawa ya isheni har da saura kuma tun wancan abin can nake turawa, amma su masu bidiyo ina

Habu Gumel: Kamara in tana ɗauka a megabit 50 awa ɗaya giga 22 ne da ɗoriya, biki ɗaya da kamu da ɗaurin aure da yini ka lissafa, da wane netwok zan ɗora, a nan sai ka fita bakin titi ma kafin bidiyon WhatsApp ya tafi, ga kuɗin data

Alhaji Ado Mai Hoto: Hotunan da aka riga aka tace dai za su hau, su ba su da nauyi sosai. Nura ka ji nawa. Amanar mutane ce a hannunka, ɗaurin aure ba a sake shi, wani tsohon da ka ɗauka a wajen ma kafin shekara ta zagayo ya riga mu gidan gaskiya, hoton nan shi kenan abin da iyalinsa za su nema. Kada ka goge katin kamara sai aikin ya zauna wuri biyu. Wannan ko da RAID ko babu.

Nura Ɓaɓura: To Baba na gode. Abinda na fahimta in sayi ɗaya na cikin kwamfuta, ɗaya na hannu mai USB, duk dare in kwafe in tafi dashi gida. Amma maganar Yaya Habu ta mantuwa tana damuna gsky don nasan kaina da gajiya

Habu Gumel: Kaga abinda nake faɗa kenan, sati biyu zakayi kana yi ka daina

Malam Sale Ringim: Akwai manhaja kyauta FreeFileSync, ka saita sau ɗaya, kana jona na hannun ka danna ta kwafe sababbin kawai. Ka saita ta kar ta goge abinda ka goge a kwamfuta, ta ajiyeshi gefe, in ba haka ba ka koma matsalar da muke gudu. Ka sa CrystalDiskInfo ma tana nuna lafiyar faifai da zafinsa, in ta koma ruwan ɗorawa ka fara shirin canji, duk da wani faifan yana mutuwa ba gargaɗi. Kuma in ka gama kwafi ka cire na hannun, kar ka barshi a jone.

Binta Kazaure: Kuma ka riƙa buɗe wasu bidiyon daga cikin na hannun kana gani ko suna tashi, kar sai ranar buƙata. Na hannun baya son faɗuwa ko kaɗan, in zaka hau mashin ka naɗeshi a tsumma cikin jaka

Nura Ɓaɓura: Insha Allah. Malam in na shiga kasuwar zan kiraka kafin in biya, don ance akwai tsofaffi da ake gogewa a sayar a matsayin sabo

Malam Sale Ringim: Ka tafi da laftof ɗinka, a jona a gabanka, manhajar nan CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa faifan ya taɓa yi a kunne. Sabo bai kamata ya nuna dubbai ba. Ana iya taɓa lissafin, don haka ka karɓi rasit mai lambar faifan, ka duba garantinsa a shafin kamfanin tun kana tsaye a wajen.