Taƙaitawa: ɗora tsohuwar taswirar gaɓar teku a manhajar taswira ta QGIS

Masu safiyo da malaman labarin ƙasa da suka tattauna a birnin Kano sun fi ɓata lokaci a kan abu ɗaya, wato wuraren da za a kafa alamun daidaitawa, alamun da ake haɗa tsohuwar taswira da ta yanzu a kansu. Kada a kafa su a bakin ruwa, domin gaɓar ita ce abin da ake son ganin ko ta gusa. A nemi abin da ba ya motsi: hasumiyar fitilar jiragen ruwa, tsohon gini, mahaɗar titi, ko layukan digiri na jikin taswirar. A sa guda 8 zuwa 12, a warwatsa su har kusurwoyi. In suka taru waje guda, sauran taswirar za ta karkace.

Kafin nan a ɗauki hoton takardar da sikana, ɗigo 300 ko 400 a inci, a adana a tsarin fayil ɗin hoto na TIFF. Hoton waya yakan lanƙwasa gefuna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na ma'aunin tushe, wato tsarin da taswira ke bi wajen auna matsayin kowane wuri a doron ƙasa. Tsofaffin taswirorin safiyon Najeriya da yawa a kan ma'aunin da ake kira Minna suke, hotunan tauraron ɗan Adam kuwa a kan na duniya mai suna WGS 84. In ba a canza ba, sai a ga tazarar mitoci a ɗauka zaizaya ce.

A kuma duba ko layin cikar teku aka zana ko na janyewarta. Zurfi a tsofaffin taswirorin teku da Turawan Ingila suka zana da fatom ake rubuta shi, ƙafa 6 ke nan.

Don gwaji, gaɓar Legas ta fi dacewa. Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat sun faro daga 1972, kuma kyauta ne.